Yoyon Motar Alhaji Munzali

Duk Madachi babu wanda ya taɓa jin Isiyaku ya ce bai sani ba. Ka tambaye shi ranar da za a yi ruwa, zai faɗa maka. Ka ce akuyarka ba lafiya, zai faɗi ciwon tun kafin ya tambayi inda akuyar take. Wata shekara ya tafi cirani Kano, ya zauna Ƙofar Ruwa yana sayar wa kanikawa rake. Da ya dawo sai ga shi da sifana guda a aljihu, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa. Mu dai muka bi shi da shi, tun da suna ba tuwon kowa yake ci ba.

Ana nan sai ya ga Fulera, 'yar Alhaji Munzali, bazawara mai sayar da manja, ya ce shi in ba ita ba sai rijiya. Abin mamakin shi ne ita ma tana sonsa. Mata suka tambaye ta me ta gani, ta ce mijinta na fari, Allah ya jiƙansa, sai ya wuni bai ce uffan ba, ita kuwa ta gaji da hira da bango. Alhaji bai ƙi ba, amma ya ce maganar tana hannun yayansa Malam Ramalan, mai sayar da hatsi a kasuwar Kibiya, don shi ne waliyyi. Aka tsayar cewa ranar kasuwa mai zuwa Alhaji zai kai Isiyaku, Malam ya gan shi ido da ido. In ya gyaɗa kai a sa rana, in ya girgiza kowa ya kama gabansa.

Kafin ranar kasuwar Alhaji ya kira gayyar maimai a gonarsa. A wajenmu ba a kai wa mai neman aure goron gayya, shi ke riga kowa zuwa gona da fartanyarsa. Da Isiyaku ya je zance, Fulera ta tuna masa.

"Ka zo da fartanya ka sunkuya kamar kowa, mutane su gan ka. Iyakar abin da ake so ke nan."

"Fartanya? Haba Fulera! Hannun da ya taɓa injin tirela?"

"Rake dai ya taɓa."

"Ke ba ki san Kano ba. Bar ni in yi wa Baba abin da duk garin nan ba mai iya yi masa."

Abin da yake nufi yana tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gidan. Wata tsohuwar jif ce mai doguwar ƙafa, wadda Alhaji ya saya a gwanjo tun Fulera na goye. Giyarta mai canja kanta ce, kuma da damina in hanya ta zama taɓo ita kaɗai ke fita daga Madachi ba turi. Aibinta ɗaya, man giya yana ɗiga daga ƙarƙashinta, ja wur, ɗis, sai an jima kuma ɗis. Alhaji ya daɗe da yin sulhu da abin. Kullum in ya ajiye ta sai ya tura mata wani tsohon kwanon sha a ƙasa, da safe ya tace abin da ya taru ya mayar mata. Haka suka yi shekara da shekaru ba wanda ya cuci wani.

Washegari Isiyaku ya zo ya durƙusa gaban Alhaji, kansa a ƙasa, muryarsa kuwa har teburin Ɗanladi mai shayi ana ji.

"Baba, motar nan jini take zubarwa. Ni in na ga haka ba na iya barci."

"Ai mun saba, ni da ita," in ji Alhaji. "Tsufa ne."

"A bar min ita ranar gayya, Baba. Kafin a dawo daga gona ko ɗigo ɗaya ba za a gani ba."

Alhaji mutum ne mai kawaici, ga shi surukin gobe ne ya yi roƙon farko, hana shi da nauyi. Ya dubi motar kamar mai sallama da ɗa, ya miƙa makulli. Ɗanladi yana fifita wutarsa ya ce, "Kowa ya ce zai haɗiye gatari, a riƙe masa ƙota."

Ranar gayya maza suka tafi gona da kiɗa, gari ya rage sai mata da tsofaffi, sai Ɗanladi, sai ni da ƙaya ta soke ni a ƙafa. Isiyaku ya fito da wata shuɗiyar rigar aiki mai rubutu a baya, ya zagaya motar, ya doki taya da ƙafa, ya shinshina salansa. Sannan ya yi mana bayani cewa jahili ne ke fara gyara bai san inda ciwo yake ba. Za a wanke ƙarƙashin motar tas, a barbaɗa farin gari, duk inda mai ya fito sai ya bar sawu. Gaskiya wannan kam ya gani a Kano, kuma dabara ce mai kyau. Can hoda suke sawa. Shi sai ya aika gidan Iya Lami maƙwabciyar Alhaji aka ɗebo masa tsakin masara.

Ya shafe cikin motar da shi, wanda ya zube ya zube, ya ce a ba ta lokaci. Ya koma teburin shayi yana ba mu labarin ranar da ya ji ƙarar wata tirela daga nesa ya faɗi kusar da ta kwance. Labarin ya yi tsawo. Kafin ya kai ƙarshe, kajin Iya Lami sun ji labari su ma, sun shige ƙarƙashin motar da zakaransu, masu tsalle na tsalle, masu tsattsaga na tsattsaga. Wata akuya ta durƙusa da gwiwa ta lashe abin da suka bari. Can sai ga wata farar kaza ta fito da jan mai tun daga wuya har baya.

Iya Lami ta ɗora hannu a ka. "Wayyo! Wane marar tsoron Allah ne ya yanka min kaza bai ƙarasa ba?"

"Iya, man giya ne," in ji Isiyaku. "Ba ya kisa. Ƙarfi ma zai ƙara mata."

"Ƙarfi? To zo in shafa maka a wuya kai ma ka ƙara! Ni da tsakina, ni da kazata, ni da asara!"

Isiyaku ya leƙa ƙasa, babu tsaki babu sawu. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce ai dama ya riga ya gano, don mu ya yi, mu ƙaru. Kwanon da ke riƙe man giya a cikin motar ne kusoshinsa suka saki, abin da suke so ɗauri. Ya kwanta rigingine ya shige da sifanarsa. Da ya ga ɗaurin bai gamsar da shi ba, sai ya sa aka miƙo masa guntun bututun famfo, ya zura a ƙotar sifanar, ya tokare ƙafa da taya.

"Injiniya, a hankali dai," in ji Ɗanladi.

"Ƙarfe ba ya jin lallashi, Ɗanladi. Kai tsaya kan shayinka."

Sai muka ji ƙas. Kan kusa ya gangaro ya tsaya gaban takalmina. Ba a jima ba muka sake jin ƙas. Man da ke ɗis-ɗis ya koma tsiyaya siririya, ba yankewa.

Ɗanladi ya sunkuya ya leƙa. "Da tana hawaye ne, yanzu fitsari take."

"Haka ake so," in ji murya daga ƙasa. "Maruru ma sai ya nuna ake matse shi. Ciwo ya fito fili, saura magani. A samo min sabulu."

Kowa ya san direbobin hanyar Kano suna toshe tankin fetur da sabulu in dutse ya fasa shi, har ya kai su gari. Isiyaku ya murje sabulun wanki ya zama kamar tuwo, ya liƙe gefen kwanon da shi, ya ce Ɗanladi ya tayar da mota. Ƙarfe ya ɗauki zafi, mai ya ratsa, rabin sabulun ya sulɓe ya faɗo masa daidai a baki yana cikin bayani. Wannan ne kaɗai lokacin da muka ji shiru a ranar.

Ya fito yana tofe-tofe, fuska ja, ido ja. Da wani ne, a nan sai ya ce a kira bakanike daga Rano. Isiyaku sai ya dubi kiret ɗin ƙwan da ke kan teburin shayi, idonsa ya yi haske.

"Daga waje ta ƙi, to daga ciki za mu bi mata. Ba ni ƙwai."

"Ƙwai a lagireto ake sawa," in ji Ɗanladi, "inda ruwan zafi zai dafa shi ya toshe huda. Ban taɓa jin an sa wa giya ba."

"Huda huda ce, zafi zafi ne. Kai ina ka yi karatun mota?"

"Ban yi ba. Ƙwai dai na san shi."

Ya zare sandar duba mai, ya kafa mazurari a bututun, ya dinga fasa ƙwai yana ɗurawa yana bismilla. Iya Lami ta leƙo ta katanga ta ce a sa albasa. Aka bar injin yana ta ruri har la'asar. Tsiyayar ta ragu, ta koma ɗis, daga nan sai ta tsaya cak.

Da 'yan gayya suka dawo, jikinsu duk laka, suka tarar da Isiyaku tsaye a kan bamba ya share ƙasa ya zuba sabon yashi. Ya ce kowa ya leƙa. Aka leƙa, ko ɗigo babu. Alhaji ma ya dafa gwiwa ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Fulera tana bakin zaure, na ga ta yi murmushi ta rufe baki da mayafi, kuma wallahi har raina na ji daɗi don ta. Tulun da ba ruwa ai ba ya yoyo, amma a lokacin wannan tunanin bai zo wa kowa ba.

Shi Isiyaku tunanin ya zo masa ne ranar kasuwa da sassafe, da ya zaro sandar duba mai ya gan ta a bushe, sai ɗan ɓawon ƙwai a bakinta. Akwai man giya a Rano, amma a hannun kanikawan da ya sha kiran su masu ɗaurin taya a bainar jama'a, kuma in ya je da safe kafin hantsi labari ya iso Madachi. Ya tsaya yana susar ƙeya. Sai ya waiga bayan motar, inda Fulera ta riga ta sa an jera jarkokin manjanta na kasuwa. Ya dubi jarka, ya dubi tabon man giya a rigarsa. Wannan ja, wannan ja. Wannan mai, wannan mai. Ya duba hagu da dama, ya ɗauko mazurari.

Muka tashi bayan an karya. Alhaji a gaba da babbar riga, Isiyaku a kan sitiyari da sabuwar hula, Fulera a baya gefen jarkokinta, ni da Ɗanladi a can ƙurya. Shi wai sukari zai sayo, ni wai magani, amma Allah ya sani kallo ne ya ɗebe mu. Motar ta ɗan yi gardama, ta yi tari, sannan ta ja. Da muka ratsa Rano Isiyaku ya danna hon a gaban rumfar kanikawa, ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Mun ɗauki hanyar Kibiya ba da nisa ba sai Alhaji ya fara shinshine-shinshine.

"Wa ke suya a dajin nan?"

"Daga ruga ne, Baba," in ji Isiyaku. "Iska ce ke kawowa."

"Fulani da manja?" in ji Ɗanladi. "Su da man shanu ya yi musu yawa?"

Fulera ta duba murafen jarkokinta na kusa, ta ga a rufe suke. Ƙamshin ya ƙaru, har yunwa ta fara tashi. Karnuka biyu suka fito daga cikin dawa suka biyo mu. Injin ya dinga ihu kamar zai tashi sama, motar kuwa tana ƙara sanyi. Mai keke da ɗaurin itace ya wuce mu. Can sai wata tsohuwa da ke jan tunkiya ta iso daidai taga, ta gaishe da Alhaji, ta tambayi mutanen gida, ita ma ta wuce.

"Isiyaku, lafiya?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau, Baba. Sabon gyara ba a yi masa gaggawa."

Muna hango rumfunan kasuwa ta tsaya. Ya taka totur, ihu kawai. Ya ja giya nan, ya tura can, ko motsi. Da ya sa ribas sai ta zabura baya kamar jakin da aka tsikara. Alhaji ya ce mu sauka mu ƙarasa da ƙafa, ai an iso. Isiyaku ya ce Allah ya kiyaye, surukinsa ba zai shiga Kibiya a ƙasa ba. Ya sa ni da Ɗanladi da wasu masu wucewa muka tura muka juya ta, gindinta ya fuskanci kasuwa. Ya ce a Kano duk babban gyara da baya ake gwada shi.

Haka muka shiga kasuwar Kibiya, da baya, hayaƙi mai ƙamshi yana tashi, karnuka sun zama biyar, jama'a na darewa suna salati. Alhaji ya jawo hula ya rufe ido. Isiyaku ya leƙo da kai ta taga yana ihun a ba da hanya, amma jarkoki sun tare shi ta ciki, hayaƙi ya tare shi ta waje. Ɗanladi yana cewa dama, shi yana murza hagu, don a cewarsa in ana baya komai juyawa yake. Sai muka ji dum. Buhunan gero suka kife, dirkar wata rumfa ta karye, zana ta rufto. Nan take abin da ya rage na sabulu ya saki, motar ta amayar da cikinta a ƙasa: manja mai tafasa, da soyayyen ƙwai dunƙule-dunƙule, yana ta ƙara cuuu a kan laka.

Kasuwa ta tsaya. Wani ya ce burodi kawai ya rage. Daga ƙarƙashin zanar wani dattijo ya yunƙuro, gero a gemu, gero a kunne, mudu har yanzu a hannunsa. Rumfa ɗari ce a kasuwar nan, amma ta Malam Ramalan Isiyaku ya zaɓa.

Malam ya dubi ƙaninsa da ke fitowa daga mota. "Munzali, wannan ne?"

"Shi ne, Yaya."

"To. Na gan shi."

Isiyaku ya diro ya durƙusa a cikin gero. "Allah ya gafarta Malam, a lura dai, yoyon farko ya tsaya. Wannan wani ne daban."

Wata mata cikin masu sayen manja a wurin Fulera ta dangwali na ƙasa da tsinke ta shinshina ta ce, "Fulera, wannan ai naki ne, na san ƙamshinsa." Fulera ta juya ta bi jarkokinta tana ɗagawa. Ta can ƙarshe ta taso a hannunta sakayau. Ta daɗe tana riƙe da ita.

Malam Ramalan ya kaɗe gemunsa. Bai ɗaga murya ba. "Gero ana tsincewa, rumfa ana kafawa. Motar kuwa dama ta ci zamaninta. Fulera ba yarinya ba ce, ta san zaman aure. Abin da ta ce shi na ce."

Fulera ta ajiye jarkar ta tako har gaban Isiyaku. Idonta ya ciko, amma muryarta ba ta rawa.

"Isiyaku, ni ba injiniya nake so ba. Kai nake so, da surutunka da komai. Abu ɗaya zan roƙe ka a gaban Baffa da Baba da mutanen nan. Ka ce, 'Ban iya ba.' Sau ɗaya kawai. In ka faɗa, yau ɗin nan a sa rana."

Duk kasuwa ta zuba wa Isiyaku ido. Ɗanladi, wanda ya kwana biyu yana tsokanarsa, ya matso yana raɗa masa, "Faɗa, don Allah, faɗa." Ni ma addu'ar da nake yi ke nan, don duk shirmensa namu ne, kuma ba zai sake samun mace irin wannan ba. Isiyaku ya dubi Fulera, ya dubi taron da ya kewaye shi. Ya buɗe baki ya rufe. Na rantse na ga kalmar ta zo har leɓensa.

Sai ya ce, "Gaskiya dai, manjan ne ba mai kyau ba. Gauraye ne. Da na asali ne da mun iso lafiya."

A gaban masu sayen kayanta ya faɗi haka. Fulera ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta gyara mayafinta, ta ce, "Baffa, a yi haƙuri da ɓarnar gero." Ta sa aka sauke mata jarkokinta, ta tafi layin masu manja ta kasa kayanta. Kafin azahar ta sayar da su tas, don duk wanda ya ji ƙamshin nan sai da ya nemi mai shi.

Motar kuwa shanun huɗa ne suka jawo ta Madachi da yamma, Isiyaku a kan sitiyari yana gaya wa mai shanun yadda ake jan mota. Bayan girbi Fulera ta auri wani mai awon hatsi a Kahu.

Har yau in ka zauna teburin Ɗanladi za ka ji Isiyaku yana ba baƙi labarin, kuma zai gaya maka shi ne ya ce ya fasa auren. Sai dai duk labaransa yana kallon idon mutum yake ba da su, wannan ɗaya ne yake bayarwa yana kallon cikin kofinsa.